Ƙafar Yaya da Lambun Malam

A gidan benen da nake haya akwai wani malamin makaranta da yara suka laƙaba wa suna Malam Kar-a-zubar. Ko bai san ana kiransa haka ba, ko kuwa ya sani ya toshe kunne, oho. Labarin yayarsa zan ba ku, don abin ya tsaya mini a rai.

Shi Malam darasin kula da muhalli yake koyarwa a makarantar da ke tsallaken titi. Ranar da babu aiki kuma sai ya tara mu a harabar gida, ya jingina allo da bango, ya yi ta bayani har kumfa ta taru a gefen bakinsa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, mun amfana. Kwatarmu da a da take toshe da ledoji ta koma tana gudu. Ni kaina ga tumatir ɗina can a tsohon gwangwanin fenti, ya yi 'ya'ya jajaye har maƙwabta na sa masa ido.

Abu biyu Malam yake taƙama da su. Na farko lambun da ya yi a can saman rufin bene, latas da barkono da tumatir a cikin tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Na biyu wata kwalba mai faɗin baki da ke kan teburin falonsa. Wai duk sharar da gidansa ke tarawa a wata guda, wadda ba ta zama taki kuma ba a sake amfani da ita, a cikin kwalbar nan take ƙarewa. Yakan rungume ta ya kai aji kamar jaririya, yara su yi ta tafi.

Sai kuma dokar ruwa. A lungun bayan kicin ɗinsa akwai duro uku. Na farko ruwan famfo ne, na sha da girki da wanka, makullin famfon kuma yana aljihun Malam. In za ka yi wanka a cikin baho za ka tsaya, a kwashe ruwan a juye a duro na biyu, da shi ake wanki da goge ɗaki. Abin da ya rage bayan wanki da wanke-wanke, mai kumfa da maiƙo da guntun shinkafa, shi ke shiga duro na uku. Wannan shi ne rabon lambu. Tsari mai kyau a kan allo. Sai dai duro ba ya da ƙafa, lambu kuma yana saman hawa uku. Yaya ce ƙafar.

Yaya ita ce babbar yayarsa, ita ta goya shi. Miji ya rasu, 'ya'ya ba su tsaya ba, sai ta dawo ɗakin da ke kusa da durunan. Tana da ciwon sukari. Malam ya yanka wa kowa a gidan 'yar jarka ɗaya ta ruwan farko a yini, wai adalci. To amma shi yana sha a makaranta, matarsa Madam tana sha a ofis, yara biyu suna sha a aji. Yaya kaɗai ke wuni a gida da ƙishirwar masu sukari, a cikin jarkar nan za ta sha, a ciki za ta yi alwala.

Wata safiya na ci karo da ita a matattakala da bokiti a ka, ƙafarta ta dama naɗe da tsumma.

Na ce, "Ke Yaya, wannan wane sabon takalmi ne? Ni ma a sayo mini."

Ta yi dariya, ruwan bokiti ya fallatso mata a kafaɗa. "Iya, ba kya rabo da tsiya. Murfin gwangwani na taka a sama. Ɗan yanka ne."

"Mu gani."

"Bari in kai wannan tukuna, rana na yi. Auta ya ce latas ba ya son a shayar da shi cikin zafi."

Auta take kiransa, mutum da furfura a gemu. Na tsaya ina kallonta tana hawa. Duk takun da ta yi sai ruwan ya zubo, ya gangaro ta zaninta, ya sauka daidai kan tsumman.

Bayan 'yan kwanaki na ga ta fara ɗingishi. Na ce wallahi yau sai mai kemis ya gani, na ja ta kamar akuya. Mai kemis ɗin bakin layi ya kwance tsumman, ya ɗan ja da baya. Yankan ya buɗe baki, gefensa ya yi fari, tafin ƙafar ya kumbura yana ƙyalli.

Ya ce, "Baba, kina da sukari?"

"Ɗan kaɗan."

"Babu ɗan kaɗan a nan. Da wane ruwa kike wankewa?"

Ni na amsa a madadinta, na ce da ruwan da aka wanke wandon ƙanenta.

Ya wanke mata, ya naɗe da farin bandeji, ya ba mu wasu a leda. Ya ce kullum a wanke da tafasasshen ruwa mai tsabta, a sa sabo a jefar da tsoho. Kar ta tsaya a kai, kar ruwa ya taɓa. Ya ce kuma wannan taimakon gaggawa ne kawai, maganarta ta asibiti ce, a cikin makon nan.

Kwana biyu ƙafar ta ɗan huta. A na uku, da la'asar, na ji muryar Malam ta tagar lungu. Tagata tana kallon tasu, ba laifina ba ne, magini ne ya yi haka.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Bandejin ƙafata ne, Auta. Wanda na cire."

"To ina za mu kai shi? Ba ya ruɓewa, akwai roba a jikinsa. Guda uku kawai sun kusa cika kwalba. Ki lissafa na wata guda. Ga gasar makarantu ta matso, alƙalai har gida za su zo su duba. Me zan ce musu?"

"Ai sai in ƙona."

"Ki ƙona! Ni da nake hana unguwa ƙona shara? A ga hayaƙi a gidana?"

"To in kai bola a ɓoye."

"Wato in yi wa yara ƙarya kenan. Yaya, ke kika koya mini gaskiya." Sai ya sassauta murya. Ya iya sassauta murya, ba ƙarya. "Duba, kakanninmu da bandeji suka warke? Ga tsofaffin rigunana na auduga, za a yayyanka. A yi amfani, a wanke, a shanya, a sake. Ga ganyen magani a lambu, ni da kaina zan tsinko miki."

"To, Auta. Allah ya yi albarka."

Kashegari igiyar shanyarsu ta cika da tsummoki. A duro na biyu ake wanke su, don ruwan farko ba na wanki ba ne. Ƙudaje kuwa sun samu wurin zama.

Na tare Madam a ƙofar gida, ta fito za ta ofis da ƙatuwar jakarta. Ita wannan jaka ni na san sirrinta. Duk ledar biskit da robar lemo da sauran tarkacen mata a ciki suke fita, a juye a kwandon ofis. Mai sharar ofishinsu ƙawar jikata ce. Shi kansa Malam, maigadin makaranta ya ce kullum da sassafe sai ya shiga banɗakin malamai ya saki ruwan shawa yana wanka yana waƙa. Amma bari in koma kan zancena.

Na ce, "'Yata, kin ga ƙafar Yaya kuwa?"

"Na gani, Iya. Tana samun sauƙi ai."

"Wa ya ce?"

"Ita ta ce."

"Ita in wuta na cin zaninta cewa za ta yi ɗumi take ji. Ku raba ta da bokitin nan."

Ta gyara gilashi. "Iya, wallahi ba wanda ya sa ta. Ita ce ba ta iya zama. Kuma likitoci sun ce masu sukari su riƙa motsa jiki, hawa bene ma shi ya fi. Ni kin ga da duhu-duhu nake fita, bayana kuma tun haihuwar ƙaramin bai koma daidai ba."

"Yaran fa?"

"Jarrabawa suke. Kuma matattakalar rufin ba ta da makari, in ɗaya ya faɗo fa?"

"Ita Yaya da fiffike aka haife ta?"

Ta yi 'yar dariya, ta ce ni dai ba na tsufa, ta tare mota ta tafi.

Na koma dabara. Ni gwiwoyina sun daɗe da yin ritaya, ba zan iya ɗaukar mata bokiti ba. Sai na tafasa ruwa na zuba a fulas, na jira gidan ya watse, na kira ta ɗakina. Na juya in ɗauko gishiri, kafin in waiwayo ta kafa kai ta shanye rabi, da zafinsa. Ta ajiye tana haki, ta kasa kallona.

"Yi haƙuri, Iya. Tun jiya maƙoshina kamar an zuba yashi."

Na ɗora wani. Daga ranar tukunya biyu nake ɗorawa, ɗaya ta ciki ɗaya ta ƙafa. In wanke, in sa mata bandeji, in rufe da tsumma a sama don kar a gani, tsohon kuma in jefa a sharata. Amma me? Da ta fita ɗakina lungun duro take nufa. Kafin azahar bandejin ya sha ruwan kumfa da maiƙo ya koma toka-toka.

Na ce, "Yaya, ki ƙi mana. Ki kwanta ki ce ba za ki iya ba. Ya kashe ki ne?"

"In na kwanta lambun ya bushe. Shekara guda yana wahala a kansa."

"Shi ke wahala?"

"Iya, a gidansa nake ci, a gidansa nake kwana. In ban yi wannan ba me zan yi? In zauna ina kallon matarsa tana kallona?"

Babban yatsan ya fara duhu. Daga nan na kusa da shi. Ta daina ɗora bokiti a ka don jiri. Sai ta koma hawa da zaune, da baya da baya: ta ɗaga bokiti ta ajiye a matakin sama, ta ja jiki ta bi shi, ƙafar tana biye tana barin layin danshi. Masu haya na ƙetare ta suna "sannu Baba, sannu da ƙoƙari." Abin da a da take gamawa kafin rana ta yi zafi ya koma cin yini guda. Latas ya fara langaɓewa.

Shi ne fa Malam ya lura. Na same shi a harabar gida yana wanke allonsa da ɗan tsumma, na ce yau sai mun yi ta.

"Malam, yayarka za ta rasa ƙafa."

"Subhanallahi! Iya, wace irin magana ce wannan? Bakinki ya sari..." Ya haɗiye sauran. "Ina lura da ita. Jiya ma na canza mata ganye."

"Ka ga yatsun?"

"Jini ne ya taru. In ya fashe shi ke nan."

"Mai kemis ya ce asibiti."

"Mai kemis kasuwarsa yake nema. Kuma ba na ƙi ba ne. Kin san asibiti, in an je sai su riƙe mutum. Alƙalai na tafe farkon mako. Da sun zo sun tafi, wallahi da kaina zan kai ta. Saura ƙiris."

"To ka ɗauki bokitin kai, kafin ƙiris ɗin."

"Ni da nake shirya yara? Waƙa, wasan kwaikwayo, zane, duk a kaina. Iya, ki gane, wannan abu ba nawa ba ne ni kaɗai. In muka ci, makarantu nawa za su kwaikwaya? Ruwan da za a yi tsiminsa, yaran da za su tashi da tarbiyya? Don jikokinki nake yi. Dole wani ya ɗan daure."

"Wani ɗin kullum ita ce?"

Ya ce in yi haƙuri, lokacin salla ya yi.

Zazzaɓi ya sauko mata. Ta daina cin abinci, sai ruwa. Wari kuma ya fara. Da farko sai ka matso kusa, daga baya tun daga ƙofar lungu. Wari ne mai zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya, wanda ya taɓa jinya ya san shi. Yaran gidan suka daina shiga gaishe da Gwaggonsu, daga bakin ƙofa suke leƙe da hannu a hanci. Madam ta sayo turaren fesawa, gwangwaninsa kuma ya bi jaka. Duk da haka, ana gobe alƙalai za su zo, da idona na ga Yaya a tsakiyar matattakala, ta rungume bokiti ta kifa kai a bakinsa, jikinta na rawa. Na kira ta ba ta amsa ba. Can ta ɗago ta ce, "Saura bokiti biyu, Iya."

Ranar ta zo. Da hantsi aka shigo da yara cikin layi, sanye da huluna na tsofaffin kwalaye, suna waƙar kar a zubar. Ga shugabar makaranta, ga malamai, ga alƙalai uku: wani mai tumbi, wata doguwa mai littafi, da wani saurayi mai ɗaukar hoto. Mu masu haya aka ce mu tsaya a baya mu yi murmushi. Na duba ban ga Yaya ba. Na bi ayari har cikin falo.

Aka nuna kwalba, aka yi tafi. Ko rabi ba ta cika ba. Aka wuce lungu a ga duruna. Ɗakin Yaya a rufe, da ƙaramin kwaɗo a jiki. Malam ya tsaya daidai ƙofar yana bayanin ruwa na ɗaya, na biyu, na uku. Doguwar ta fara taɓa hanci. Yara suka fara tura juna suna ƙunshe dariya. Wata 'yar ƙarama ta ce da ƙarfi, "Malam, wari!"

Ko gezau bai yi ba. Ya yi murmushi ya ɗaga yatsa.

"Madalla! Wa zai gaya mini warin mene ne? Wannan shi ne warin taki in ya fara nuna. Ɓawon kayan miya da ragowar abinci suna ruɓewa don su ciyar da ƙasa. Mai kula da muhalli ba ya ƙyamar wannan wari. Ku ce, taki dukiya ne!"

"Taki dukiya ne!"

Mai tumbi ya gyaɗa kai, doguwar ta rubuta. Daga bayan ƙofa na ji nishi, siriri, irin na wanda ya cusa zani a baki.

Na ce, "Malam, takin nan naka har nishi yake yi?"

Madam ta matso ta kama hannuna. "Iya, zo ki sha ruwa."

"Na wane duro?" Na fizge. "Ku buɗe ƙofar nan. Mutum ce a ciki. Ita ke hawa da ruwan da za ku je ku ɗauki hotonsa. Ƙafarta ce kuke shaƙa."

Shugabar makaranta ta dubi Malam. Ya laluba aljihu, ya fito da makullin famfo, ya mayar, ya fito da na ɗakin. Da ƙofar ta buɗe yara suka watse da gudu. Yaya na kwance a tabarma, ƙafar a kan juyayyen baho, ta yi baƙi har idon sawu, ƙudaje sun rufe tsumman. Ta buɗe ido ta ga baƙi. Sai ta jawo mayafi ta rufe ƙafar, ta yi ƙoƙarin tashi zaune.

"Sannunku da zuwa. Ku yi haƙuri da ɗakin. Ni na ce ya rufe ni, don hayaniyar yara. Auta ba ya da laifi. Kun hau sama kuwa? Ku hau ku gani, tumatir ya yi kyau."

Kun san me? Sun hau. Mai tumbi ya yi gyaran murya ya ce Allah ya sawwaƙe, wannan lamarin iyali ne, su aikin da ya kawo su daban, ga wasu makarantu na jira. Malam ya tsaya yana kallon ƙofa yana kallon matattakala. Yaya ta ce, "Je ka, Auta, kar su jira." Ya tafi. Wata malamar lissafi ce mai tsohuwar mota ta cire takalmanta masu tsini, ita da mai kemis da na aika aka kira suka ciccibe ta. Muna fita ina jin tafi daga saman rufi.

A asibiti likita ya ɗaga mayafin, ya mayar. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa. Ya tambayi wa ke kula da ita, na ce gidan malamai ne, masu ilimi. Bai yi dariya ba. Ya ce da an zo lokacin yatsa ɗaya, da yatsa ɗaya za a cire. Yanzu in ana son ranta, sai daga ƙasan gwiwa, kuma yau.

Yaya ta kama zanina. "Iya, ki ce su bari Auta ya zo. Wataƙila ya san wani ganye."

Auta ya zo bayan la'asar, da takardar yabo a naɗe a hammata, don daga wajen taron bayyana sakamakon gasa ya wuto. Su suka zo na ɗaya. Ya sa hannu a inda aka nuna masa. Ya zauna a benci ya yi kuka, kuka na gaske har da majina, ban hana shi ba. Da ya share ido sai ya ce mini, "Ciwon sukari mugun abu ne, Iya. Haka ya yi wa mahaifiyarmu. Abin a jini yake." Madam ta ce ƙaddara ba ta da magani, kuma ita dama ta sha faɗa wa Yaya ta riƙa hutawa.

Aka yanke.

Ina zaune kusa da gadon lokacin da ta farfaɗo. Ta daɗe tana kallon inda bargo ya kwanta shafal. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wa ke ba lambu ruwa?"

Wannan tambaya ni ma na so in ji amsarta, don haka da na koma gida na kafa kujera a bakin taga. Washegari da safe Malam ya ɗauki bokiti da kansa. Sawu biyu ya yi, ya zauna a matattakala yana riƙe da ƙugu. Madam ta yi sawu ɗaya, ruwan ya ɓata mata siket, ta ce ita ba za ta iya wannan bautar ba. Da yamma sai ga Malam da mai gyaran famfo. Suka kawo wani ɗan inji da bai fi tukunyar shayi girma ba, da doguwar tiyo, da faranti ɗaya na sola. Kafin magariba an gama. Ka danna maɓalli, ruwa na uku ya haye sama da kansa. Na tambayi mai gyaran ko sabon abu ne ya shigo. Ya ce, "Haba Iya, wannan ai ya daɗe a kasuwa. Shagona ma cike yake da su, nan bayan makaranta."

Yanzu Yaya ta dawo, da sanduna biyu. An sa mata kujera a lungu kusa da duruna, an ba ta aikin zaune, tana ware robobi da gwangwanaye. In baƙi sun zo, kuma suna zuwa sosai tun da aka ci gasa, Malam yakan nuna ta ya ce a gidansa ba a barin kowa a baya, har mai lalura tana da rawar takawa. Daga nan ya danna maɓalli, yara su yi tafi. Injin ya zama sabon darasi, har ya zana shi a allo.

Jiya na same ta ita kaɗai, injin na ta gurnani a gefenta. Ta miƙa hannu tana sosa iska a ƙasan gwiwa.

"Tsakanin yatsun ke mini ƙaiƙayi, Iya. Na san ba su nan, amma suna yi." Ta saurari injin, ta girgiza kai. "Kin ji shi? Ko minti goma ba ya yi ya gama. Auta akwai basira, tun yana yaro."

Na dube ta in ga ko gatse take. Wallahi ba gatse ba ne. Na tashi na koma ɗakina, don kar in faɗi abin da zai sa a ba ni takardar tashi.

Ban ce darasin Malam ƙarya ba ne. Ruwa yana ƙaranci, shara tana cinye mu, gara a koya wa yara tun suna ƙanana. Amma na ga masu zuwa kallo da yawa, sun tambayi irin takin, sun tambayi zurfin taya, sun tambayi sau nawa ake shayarwa, ban ji wanda ya tambayi wa ke hawa ba. A gidaje da yawa akwai irin Yaya, wata gwaggo ko kaka ko matar wa, mai cin abinci tana jin kamar bashi ne, wadda ba ta iya cewa a'a. Duk wani kyakkyawan tsari da aka shigo da shi gida, a kanta yake sauka, kuma a hoto ba ta fitowa.

Don haka ke mai karatu, in ɗanki ko mijinki ya dawo daga makaranta ya ce daga yau kar a zubar, ki ce masa to, gaskiya ne, Allah ya yi albarka. Sannan ki miƙa masa bokitin.